Matuƙin da ba shi da 'yan'uwa ba ya iya cewa jirgi ya cika

Duk Juma'a ta biyu a watan Fabrairu, mutum wajen 300 sukan hallara a babban zauren gidan majalisar birnin Bremen, a arewacin Jamus, su zauna cin abincin da ke ɗaukar kusan awa biyar. Kashi uku ake kasa su: attajirai masu jiragen ruwa da fatauci 100, kyaftin-kyaftin 100 cikin kayan sarkinsu, sai baƙi 100 daga wajen gari. Baƙo sau ɗaya tak ake gayyatarsa a tsawon rayuwarsa, komai girmansa. Ana jera teburan su yi siffar mashi mai baki uku. In lokaci ya yi sai a ɗaga murya da tsohon kiran da akan yi wa ma'aikatan jirgi in tukunya ta sauka, ana kiran na ƙasan jirgi da na samansa su zo a ci. Kowa da cokali ɗaya, wuƙa ɗaya da cokali mai yatsu ɗaya zai zauna har a tashi. In an ɗauke kwano an kawo wani, sai ya goge su da takardar da aka ajiye masa a gefe, yadda ake yi a jirgin da ba a ɓarnar ruwan sha a wanke-wanke. Gishiri da masoro a ƙulle suke cikin 'yan takardu, ɗaya mai ruwan azurfa, ɗaya mai ruwan zinariya. Ana farawa da romon kaza, a bi da busasshen kifi irin na Norway da ake sayarwa a kasuwannin kudancin Najeriya, sai ganye da naman alade, sai gasasshen naman maraƙi, a ƙare da gahawa da taba a dogon lofe na farin yumɓu. A tsakani ana ta jawabai, kowanne da mintocinsa a ƙayyade.

Ba abincinmu ba ne, kuma aladen da giyar da ke kan teburin ba abin sha'awa ba ne ga Musulmi. Ko a Jamus ɗin ma akwai masu cewa taron sharholiyar tsofaffin masu kuɗi ce, sun fake da tarihi suna ƙulla cinikinsu. Maganarsu ba ta rasa gaskiya ba, zan zo kanta. Amma wanda ya tsaya kallon lofe da cokula bai ga abin da ya tara mutanen nan ba. Kafin a watse ana zagawa a karɓi gudummawa, kuɗin kuma asusun wata gidauniya mai suna Haus Seefahrt suke shiga, wadda tun shekarar 1545 take rufa wa tsofaffin matuƙa asiri, da matan da teku ta cinye wa maza, da marayunsu. Kusan ƙarni biyar ke nan asusu ɗaya bai mutu ba. Ya ga yaƙin shekara 30 da aka gwabza a Turai, ya ga sojojin Napoleon a cikin gari, ya ga bama-baman 1944 da suka rushe gidan gidauniyar kanta. Ina ganin ya cancanci a tambaya me ya riƙe shi, kuma me ya sa masu tuƙa jirgi suka fi yawancin masu sana'a buƙatar irinsa.

A wancan zamanin jirage na katako ne masu tafiya da iska. Jirgi ya tashi daga kogin Weser ya nufi Norway ɗauko kifi, ko Ingila, ko garuruwan tekun Baltik ɗauko hatsi da katako. In ya tafi, ko dai ya dawo ko kuma shiru, babu waya babu mai kawo labari. Matar matuƙi takan yi watanni ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Wanda ya dawo da karyayyar ƙafa, ko ya tsufa har hannu ya kasa jan igiya, bara ce makomarsa. Sai shugabannin jiragen garin suka je wa majalisar birni da buƙata, aka ba su takardar izinin ajiye akwati. Abin da ake zubawa a akwatin shi ya fi burge ni. A cikin jirgi akwai tara: wanda ya yi faɗa ko ya karya dokar jirgi, ana yanka masa kuɗi. Aka ce wannan tarar a riƙa kawo ta akwati, a haɗa da sadakar da akan fitar in an ƙulla ciniki. Da haka horon da ke tsare jirgi a tsakiyar teku ya zama shi ke ciyar da iyalan waɗanda ba su dawo ba, kuma wanda aka ci tararsa ya san inda kuɗinsa suka tafi.

Ita kuwa liyafar, daga hunturu ta samo asali. Garuruwan fatauci na ƙawancen Hansa, wanda Bremen ke cikinsa, suna da tsohuwar doka cewa daga 11 ga Nuwamba zuwa 22 ga Fabrairu jirgi ba ya fita teku, in ban da 'yan wasu kaya da aka yi wa rangwame, saboda ƙanƙara da guguwar hunturu. Wata uku matuƙa suna gida. Dab da ƙarewar hutun sai a taru, masu riƙe da akwati su faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan a ci abincin bankwana, don kowa ya san ba duk wanda ke zaune ne zai ga baɗi ba. Ranar lissafi ce aka haɗa mata tukunya. Da yake matuƙa ba sa zama a gari, ba a jima ba suka jawo attajirai cikin tafiyar da asusun, a 1561 aka sayi gida. Har yau attajirai uku ake zaɓa kowace shekara su ɗauki nauyin liyafar daga aljihunsu, ko anini na marayu ba ya shiga tukunya.

A nan nake rabuwa da masu raina al'ada. Ba wanda ke ɗokin zuwa taron karanta lissafi. Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai ya san yadda take mutuwa: shekarar farko kowa na zuba kuɗi, ta biyu a ɗage taro saboda shugaba ya yi tafiya, ta uku ma'aji ya daina ɗaga waya, kowa ya yi fushi ya kama gabansa. Abin da ya hana asusun Bremen wannan mutuwar shi ne akwai rana guda da ba mai ikon matsar da ita, akwai girma da mutum ke samu in ya zauna a teburin, akwai kuma kunyar da zai ji in aka ga kujerarsa babu kowa. Lofen da kiran cin abincin da takardar goge cokali su ne ke sa ɗan attajiri ya yi burin zama inda kakansa ya zauna, kuma in ya zauna dole ya sa hannu a aljihu. Kuɗin nan su ke riƙe da gidajen gidauniyar a unguwar Grohn, inda tsohon kyaftin ko matar da ya bari ke zama ba tare da biyan haya ba, su ke kuma tallafa wa ɗaliban da ke koyon tuƙin jirgi.

A ƙofar waɗannan gidajen akwai tsohon dutse na 1665 da ya tsira daga yaƙi, ɗauke da rubutu da Latin mai cewa tuƙa jirgi wajibi ne, rayuwa ba wajibi ba ce. Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma aikin gidauniyar kansa ya ƙaryata ta. Mutanen da suka hana kansu fita teku wata uku a shekara, suka tara kuɗi don gurgu da tsoho, sun san darajar rai sarai.

Akwai wani amfani na asusu da ba a cika faɗa ba, shi ne ƙarfin gwiwar da yake ba matuƙi. Kyaftin a tsakiyar teku sarki ne, amma da zarar ya taka tudu ɗan aiki ne a hannun mai jirgi. Mai jirgi yana son a ƙara kaya, yana son a tashi yau ko da hadari ya haɗu, yana son a ɗaga gyaran ɓarakar nan zuwa tafiya ta gaba. Kyaftin ɗin da ya ce a'a zai iya kwana babu aiki, gobe a ba wani jirgin. Abu biyu ne kawai ke sa mutum ya iya tsayawa kan a'a ɗinsa a irin wannan hali. Na farko ya san ko an kore shi iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ya san duk wanda za a kira ya maye gurbinsa shi ma a'a zai ce, domin ɗan'uwansa ne a sana'a, kuma akwai dattawan da zai tsaya gabansu in ya yi akasin haka.

Wannan na biyun shi ne tarihin Trinity House a Ingila. Matuƙan Deptford da ke bakin kogin Thames suka kai kuka ga Sarki Henry na Takwas cewa samari marasa ƙwarewa sun cika aikin ja-gorar jirage a kogin, suna jefa rayuka da dukiya cikin haɗari. Ranar 20 ga Mayu 1514 sarki ya ba su takardar kafa 'yan'uwantaka, da ikon tsara aikin ja-gora. Daga nan ba kowa ne zai wayi gari ya ce shi mai shigar da jirgi Landan ne ba. A 1566 Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ƙara musu ikon kafa alamomi a gaɓar teku, a 1609 suka gina hasumiyar fitilarsu ta farko a Lowestoft. Shekaru da yawa wasu fitilun na hannun 'yan kasuwa ne da ke tatsar duk jirgin da ya wuce, har sai da dokar 1836 ta ba ƙungiyar damar saye su. Ta tsibiran Skerries kaɗai sai da aka biya sama da fam 440,000 a 1841, abin da ke nuna irin ribar da ake ci da tsoron mutuwar matuƙa. Yau ƙungiyar na kula da hasumiyoyi sama da 60, duk da cewa mai gadin fitila na ƙarshe ya sauka a 1998 da na'ura ta karɓi aikin. Tana da manyan 'yan'uwa 31 da ƙanana wajen 400, Gimbiya Anne ce shugabarta tun 2011. Aikinta na jinƙai kuwa yawancinsa daga hayar wani fili ne a kudancin Landan da wani attajiri ya ba ta wajen 1660 don marasa lafiyar matuƙa da matansu. Waƙafi ke nan, ko da ba haka suke kiransa ba.

Al'adarsu da na fi so ita ce ta kotu. In jirage biyu suka yi karo aka kai ƙara kotun harkokin teku a Landan, wasu daga cikin manyan 'yan'uwan sukan zauna gefen alƙali su ba shi shawara. Alƙali ya san doka, amma bai san abin da ƙwararren matuƙi zai yi ba in hazo ya rufe kuma ruwa na ja. Kyaftin zai iya ruɗa lauya da kalmomin sana'a, ba zai iya ruɗa wanda ya shekara 30 a kan jirgi ba. A Amurka ma an yi irin wannan ta fuskar ilimi. Ƙungiyar kyaftin-kyaftin ta Boston, wadda ta fara a 1742, ta ɗora wa membobinta su riƙa kawo rahoton abin da suka gani a hanya in sun dawo: zurfin ruwa, duwatsun da ke ɓoye, yadda allurar kamfas ke karkata. Abin da mutum ɗaya ya gano da kyar, wani lokaci da asarar jirginsa, ya zama na kowa.

To, sai maganar masu suka. Waɗannan ƙungiyoyi suna da ƙofa, kuma ƙofar a rufe take ga mutane da yawa. A Bremen sai a 2004 mace ta fara zama a teburin, Kyaftin Barbara Massing, sannan Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta zo a matsayin babbar baƙuwa a 2007. Kafin nan matan membobi a wani ɗaki na gefe suke cin nasu. Gidauniyar da aka kafa saboda zawarawa ta shekara sama da 450 ba ta ga ya dace mace ta zauna inda ake maganarta ba. Wannan aibi ne, kuma sun makara wajen gyara shi.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi, kuma ya shafe mu kai tsaye. A 1622 kyaftin-kyaftin na Hamburg suka kafa asusun fansar kansu, saboda 'yan fashin teku na Aljeriya da Tunis da Tarabulus na kama su suna sayarwa bayi. Sun san ɗacin bauta har suna tara kuɗi don guje mata. Amma a waɗannan ƙarnukan ne matuƙan Turai ke loda 'yan Afirka a cikin jirage suna haye Atlantika da su. A ƙarshen 1781 ma'aikatan jirgin Zong, mallakar attajiran Liverpool, suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, bayan sun yi kuskuren hanya sun wuce Jamaika, suka ce ruwan sha ne ya yi ƙaranci. Da maganar ta je kotu a Landan a 1783, ba shari'ar kisan kai aka yi ba, shari'ar inshorar kaya aka yi. Waɗanda suka tayar da jijiyar wuya a kai su ne Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya ɗanɗani bauta, da Granville Sharp, Bature mai fafutukar hana bauta. Haramcin cinikin bayi a 1807 daga majalisar dokokin Birtaniya ya fito, ba daga zauren matuƙa ba. Kuma cikin waɗanda aka ci gaba da lodawa daga Legas da Wida zuwa Bahiya ta Burazil akwai Hausawa, har suka yi ta tayar da bore a can tun daga 1807. Mutuncin sana'a da ake alfahari da shi bai sauka ƙasan jirgi inda aka ɗaure kakanninmu ba.

Ko lodi fiye da ƙima ma ba ƙungiya ce ta kashe shi ita kaɗai ba. A Ingila ta shekarun 1870 wasu masu jirage kan yi wa ruɓaɓɓen jirgi inshora mai tsoka, su cika shi har ya nutse rabi, in ya halaka su karɓi kuɗi. Ma'aikacin da ya sa hannu sannan ya ga jirgin ya ƙi shiga, kurkuku ake kai shi. Sai da ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa, har ya fusata ya zazzagi abokan aikinsa a zauren majalisa a 1875, kafin dokar 1876 ta tilasta zana layi a jikin jirgi wanda ruwa ba zai haura ba. Ko a nan ma da farko mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai zana layin, sai a 1890 hukuma ta karɓi wannan ikon. Saboda haka ban ce ƙungiya na maye gurbin doka ba. Hukuma ce ke da ikon zana layi. Sai dai hukuma ba ta cikin jirgi a lokacin da ake lodi, wanda ke wurin shi ne matuƙi, kuma ko zai mutunta layin ko ba zai mutunta ba ya danganta da waɗanda ke bayansa.

Wannan ne ya sa labarin tsofaffin Turawa masu lofe ya dame ni, ni da yankinmu ke da nisa da teku. Muna da ruwa, kuma yana cin mutanenmu duk shekara. A watan Mayu 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum sama da 150, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su tafi Mauludi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoban 2024 wani jirgin mai ɗauke da wajen mutum 300 ya kife a kogin Neja kusa da Gbajibo, shi ma da dare. Allah ya jiƙansu da rahama. Kowane karo dalilan da ake faɗa ba sa canzawa: lodi ya yi yawa, dare ne, jirgin ya tsufa, an daki kututture, babu rigar kariya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa ranar kasuwa da la'asar sakaliya ya san yadda lodin ke yawa. Ba mugunta ba ce. An jera buhunan masara a ƙasa, an ɗora babura biyu ko uku a kai, awaki a ɗaure a gefe, mata da goyo sun zauna kan buhuna, samari sun maƙale a baki. Tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi taƙi ɗaya ba. Matuƙi ya duba, ya san ya isa. Sau da yawa jirgin ba nasa ba ne, akwai balas da zai kai wa mai shi da daddare, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Yana shirin tayar da inji sai ga wata dattijuwa da ƙullin kayanta a ka, tana haki. "Haba ɗana, ka bar ni a nan in kwana a ina?" Ya dube ta, ya dubi ruwan, ya ce, "Shigo, Inna, Allah ya kiyaye." Bayanta akwai mutum biyar, kowa da uzurinsa na gaskiya. In ya hana su, jirgin da ke gefe zai kwashe su, shi kuma a ce ba shi da tausayi, gobe a guje shi. Mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin wannan a'a ɗin shi kaɗai ba, kuma zalunci ne mu ɗora masa.

Ba sai mun aro komai daga Jamus ba, domin mun taɓa samun namu. Kyadya, masu jiragen ƙasar Nufe, suna da sarkinsu Kuta a Muregi, inda kogin Kaduna ya faɗa Neja, yana da wakilai a garuruwan bakin kogi masu kula da zirga-zirga da karɓar haraji. Sarkawa da Gungawan Yawuri sun gaji ruwa kaka da kakanni. Sarautun Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi suna nan har gobe a garuruwa da yawa, kamar yadda ake da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera. A da yaro ba ya riƙe filafili da fasinja a jirgi sai ya daɗe ƙarƙashin babba, ya san inda ruwa ke juyawa da inda dutse yake. Abubuwa suka sauya. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta shanye garuruwa da dazuzzuka, ta bar itatuwa a tsaye ƙarƙashin ruwa, tsohon sanin hanya ya rikice. Inji ya zo, duk mai kuɗin sayensa ya zama mai jirgi, duk mai iya jan igiyar tayar da shi ya zama direba. Sarkin Ruwa ya koma wanda ake kira bayan jirgi ya kife, ya tara masu ninƙaya a nemo gawa, ya yi wa 'yan jarida bayani. An bar masa rawani, an ɗauke masa ikon hana tafiya.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda ke da hedikwata a Lokoja tun kafuwarta a 1997, ta haramta tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Dokokin daidai ne. Amma mashigai a kogunan Neja da Binuwai da Kaduna da Rima ba sa ƙirguwa, ba kuma za a taɓa samun jami'in da zai tsaya a kowanne da magariba ba. Rabon rigunan kariya bayan kowane haɗari yana da amfani, sai dai ihu ne bayan hari muddin babu wanda zai ce ba a tashi sai kowa ya sa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da misalin mutanen da suka raba jirgi, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so huda nasu ɓangaren don ɗiban ruwa: in an ƙyale su duka a halaka, in an riƙe hannunsu duka a tsira. Wanda zai riƙe hannun a cikin jirgin yake, ba a Lokoja ba.

Abin da nake kira gare shi shi ne masarautu da gwamnatocin jihohi su mayar wa matuƙan kowace tasha ikon kansu, a rubuce, da goyon bayan doka. Dattawan sana'a ƙarƙashin Sarkin Jirgi su tantance wanda ya isa ɗaukar fasinja, sunansa ya shiga littafi, su kuma iya cire shi. Hukuma ta zana layi a jikin kowane jirgi, amma 'yan'uwa su tsare shi. A riƙa lodi bi da bi, ta yadda wanda ya ce jirginsa ya cika ba zai ga maƙwabcinsa ya kwashe ragowar ya haura layi ba. Daga kowane sawu a cire wani abu kaɗan, a haɗa da tarar wanda ya karya doka, a zuba a asusu. In jirgin mutum ya ruɓe aka hana shi aiki, asusun ya taimaka masa da gyara, don kada yunwa ta tura shi ruwa a ɓoye. In ruwa ya ci matuƙi, iyalinsa su san suna da rabo. Kuma tun da mun ga inda ƙungiyoyin Turai suka gaza, namu asusun ya haɗa da iyalan fasinja.

Na san abin da mai karatu zai ce: ai mun ga 'yan yuniyon a tashar mota, tikiti kawai suke yanka, ranar zaɓe kuma su zama sojojin haya. Tsoron nan na gaskiya ne, kuma duk inda kuɗi ke taruwa kullum ɗan siyasa zai leƙo. Maganinsa shi ne abin nan da ake rainawa, wato rana guda a shekara da ba ta ɗaguwa. A sa ta kafin ruwa ya cika, a taru a gaban hakimi da liman, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, a kira sunayen waɗanda ruwa ya ci a shekarar a yi musu addu'a, a ci abinci tare. Kada matuƙa kaɗai su riƙe makullin. A sa 'yan kasuwar da ke hawa jirgin kowane mako, da mata masu cinikin kifi, domin su ne ke zaune kan buhunan.

Ba zan ɓoye cewa da tsada ba. Jirgin da ya rage lodi dole kuɗin fito ya ƙaru, talaka kuma zai ji a jikinsa, saboda haka gwamnatin da ke fitar da kuɗin ta'aziyya bayan kowane haɗari ya kamata ta zuba wani abu a asusun tun kafin haɗarin. Sannan ranar farko da aka hana jirgi tashi bayan magariba, za a sami mata da yara da tsofaffi da za su kwana a bakin ruwa cikin sauro, kuma Sarkin Jirgi za su zaga. Don haka tun kafin a fara yanka wa kowa tara, abin da asusun zai fara ginawa a tasha shi ne rumfar kwana mai ƙofa, da makewayi, da wurin sallah.